Tsallen Igiya a Saman Bene

Tun tana ƙarama ake ce mata Barkono, kuma ba a yi mata ƙarya ba. 'Yar firit ce, ga baki kamar reza. In ka faɗa mata ɗaya, kafin ka haɗiye yawu ta mayar maka da goma, kuma dole ka yi dariya ko da kai aka yanka. Yayanta ya sha cewa ranar rabon baki kowa da cokali ya je, ita kaɗai ta tafi da kwando.

To, sai ga Barkono ta yi sanyi.

Aikin da ta samu bayan ta gama karatu ne ya fara cin ta. Wani kamfanin kai wa mutane kaya gida ya ɗauke ta, aka zaunar da ita a sashen karɓar ƙorafi: dogon ɗaki babu taga, tebura a jere an raba su da katako, kowa da abin magana maƙale a kunne. Daga safe har yamma aikinta ke nan, a zage ta. Wanda aka kai wa fanka babu fiffike ɗaya, ita zai zaga. Wadda ta sayi takalmi aka kawo mata ƙafar hagu biyu, ita za ta wanke tas. Ita kuwa dokar aiki ta ce ta yi murmushi, wai ana jin murmushi ta waya. Bakin da ya saba ramawa ya koma haɗiyewa.

In ta dawo gida, gidan yayanta da matarsa a wani dogon bene na haya, sai ta wuce ɗaki ta ja labule ta kwanta da waya a hannu, tana ta murza hotunan mutanen da duk suka fi ta jin daɗin duniya. Barci ya ƙi zuwa a lokacinsa, ya zo a lokacin da ba a nemansa. Abinci ta tsakura ta ture. Ranar hutu ko wanka sai an yi da gaske.

Matar yayan, wadda take kira Anti, ita ta fara cewa ruwa ba ya tsami banza. Wata safiya ta tsaya a bakin ƙofa da mayafinta a kafaɗa.

"Tashi ki raka ni asibiti."

"Me ya same ki, Anti?"

"Ƙanwata ce ba lafiya. Tashi."

Likitar mace ce mai fara'a, ba ta da gaggawa. Ta sa aka duba jini, ta auna abin aunawa, sannan ta ajiye alƙalami ta shiga tambayoyin da Barkono ba ta zata ba. Yaushe rabonta da barci mai daɗi? Yaushe rabon da rana ta taɓa fatarta? Wa take gaya wa abin da ke ranta? Yaushe ta yi dariya ta ƙarshe? A nan Barkono ta buɗe baki za ta ba da amsa, sai hawaye ya riga ta.

"Ba lalaci ba ne, ba kuma shagwaɓa ba ce," in ji likitar tana miƙa mata abin share fuska. "Zuciya ma tana gajiya kamar ƙafa. Zan haɗa ki da mai ba da shawara, ki riƙa zuwa kuna magana. Kafin nan ki riƙe ƙananan abubuwa: ki ci, ki sha ruwa, ki fita ki ga rana, ki motsa jiki ko yaya ne, waya kuma ta kwana nesa da filonki. Kada ki ce duk za ki yi su rana ɗaya."

Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce ba ta isa kunnen Yaya ba.

Yaya mutum ne da in ya so ka, sai ya so ka har ka nemi agaji. Washegari da sassafe ya bayyana a ƙofar ɗakinta da usur a baki da wandon motsa jikin da ya daɗe da yi masa kaɗan. Fiiit!

"Barkono! Rana ta fito, likita ta ce ki gan ta!"

"Yaya, don Allah..."

"Kin sha ruwa? Ga ruwa. Kin yi dariya yau? Tsaya in ba ki labari."

Ya ba ta labarin. Shi ya yi dariyar, har da dafa bango. Yana ofis ma bai bar ta ba, saƙo kan saƙo: *Kin motsa? Ki motsa.* Kafin mako ya zagayo Barkono ta fara kulle ƙofa da sakata, usur kuwa ya yi ɓatan dabo. Anti ta rantse ba ta gan shi ba, tana rantsuwar tana kallon silin.

"Ka bar yarinyar nan ta sha iska," ta ce wa mijinta. "Ana jan akuya da igiya, ba a jan mutum."

Ita Anti ba ta ƙara ce mata komai ba sai ranar Asabar. Ta turo ƙofa da ƙugu, riƙe da bahon wanki.

"Ƙanwata, bayana ya riƙe. Taimake ni ki kai shanyar nan sama."

Barkono ta dubi bayan da aka ce ya riƙe, wanda ta ji shi ɗazu yana rawa a kicin, ta dubi baho. Ba ta da ƙarfin musu. Ta ɗauka ta hau.

Saman benen fili ne na siminti, an kewaye shi da gajeren gini. Ga manyan tankunan ruwa a kusurwa, ga faya-fayan tauraron ɗan'adam, ga igiyoyin shanya an ja su daga wannan ƙarfe zuwa wancan. Rana ta mare ta a fuska har sai da ta runtse ido. Ta yarfa zanen gado ta ɗora, ta ɗora na biyu, ta ɗauko babban bargon Yaya mai nauyin jaki ta cilla a kai.

Tas! Igiya ta tsinke. Wankin duka ya zube a ƙasa.

Abin da ya fito daga bakin Barkono a lokacin, ba za a maimaita shi a gaban manya ba. Ta zagi igiya, ta zagi wanda ya murɗa ta, ta zagi bargo da wanda ya saye shi, ta wuce kan mai fanka da mai takalmin hagu biyu da duk wanda ya taɓa ce mata "haɗa ni da manajanku". Tattabarun da ke kan tanki suka watse. Da ta tsaya tana haki, sai ta ji ƙirjinta wasai, kamar ɗakin da aka fitar wa da tarkace.

Guntun igiyar na hannunta. Ta dube shi. Tsawonsa daidai na tsalle. Ta waiga hagu, ta waiga dama, babu kowa sai tattabara ɗaya mai taurin kai. Ta naɗe bakin igiyar a hannu biyu, ta wurga ta baya, ta kaɗo.

Tsallen farko igiya ta harɗe mata ƙafa. Na biyu ta zabga mata a ƙeya. Na uku ta wuce. Ta sake wucewa. Ƙafafun da suka manta da ita suka tuna da kansu, silifas na faf-faf a siminti, ɗankwali ya zame ya tafi abinsa. Wata dariya ta taso mata tun daga cibiya, ba dalili, ba labari, ta fito tana tsalle tare da ita.

"Wane ɗan ƙwal uba ne yake daka a kaina?"

Barkono ta daskare. A bakin matakala wata dattijuwa ce tsaye, tsintsiya a hannu ɗaya, ɗaya hannun dafe da gwiwa, tana huci. Duk benen babu wanda bai san ta ba. Gwaggon Kowa ake ce mata, don kowa gwaggonsa ce, kuma kowa tsoronta yake ji. Ita ce a hawa na ƙarshe, rufin ɗakinta ne Barkono take dirka.

"Gwaggo, ki yi haƙuri, wallahi ban san..."

"Ina shan shayina fitila ta fara rawa! Na ce shi ke nan, girgizar ƙasa, na fara salati. Ashe ke ce, 'yar mitsitsiya da ke, nauyi kamar buhun siminti." Ta matso tana ƙare mata kallo. "Ba ke ce ƙanwar mai usur ba?"

"Ni ce."

"Allah ya saka wa wanda ya sace shi." Ta nuna igiyar da tsintsiya. "Kuma in za ki hana ni shan shayi, ki yi abin da kyau mana. Wa ya ce miki da dunduniya ake sauka? Kina faɗowa kamar an jefo ƙwarya daga mota. Kan yatsu ake yi! Ba ni nan."

Ta jingine tsintsiya, ta kunce wata doguwar igiyar da ba a yi shanya a kanta ba, ta ɗaure baki ɗaya a ƙarfen tanki, ta riƙe ɗayan. Gwiwa ta hana ta tsalle tun tuni, amma kafaɗa na nan da ranta. Igiya ta fara zagayawa tana sharar ƙasa, shap, shap, shap.

"Shiga!"

"Gwaggo, tsoro nake ji."

"Igiyar shanya kike tsoro? Shiga, ko in shigar da ke da tsintsiya!"

Barkono ta shiga. Gwaggo na kaɗawa tana yi mata kirari da zagi a haɗe, kowace kalma daidai da saukar igiya: "Ɗaga ƙafa, raguwa, ɗaga ƙafa, 'yar gwal, wa ya haifi fara, wa ya ba ta takalmi!" Dariya ta hana Barkono numfashi, ta harɗe ta zube kan jiƙaƙƙen bargon Yaya tana riƙe da ciki. Gwaggo ma ta zauna a kan bahon da aka kife, tana goge ido da gefen zane.

"Gobe da safe," in ji ta. "Amma can gefen, saman ɗakin mai gyaran agogo. Shi ba ya ji sosai."

Ranar Barkono ta sauko da wanki ya fi yadda ya hau datti, ta cinye burodi da ƙwai har tana leƙa kwanon Yaya. Anti ta ƙara soya wani.

Haka abin ya samo asali. Kullum kafin ta tafi aiki sai ta hau sama, ta tarar Gwaggo ta riga ta, da kofin shayi da kujerar roba. Sauran abubuwan da likita ta lissafa, waɗanda usur ya kasa sa ta yi, sai suka riƙa biyo igiya a baya kamar 'yan rakiya. Wanda ya yi tsalle dole ya sha ruwa. Wanda ya yi gumi dole ya yi wanka. Da daddare cinyoyinta na zugi, ido na rufewa da kansa, waya ta koma kwana a falo saboda ranar da ta makara Gwaggo ta sauko har ƙofa ta yi mata tsiya a gaban maƙwabta. Ranar Laraba kuma tana zuwa wurin mai ba da shawara, inda ta gano cewa ashe bakinta bai mutu ba, ajiya ya yi.

Ba a daɗe ba suka samu ta uku. Wata ɗaliba ce a hawa na biyu, ana ce mata Farfesa saboda gilashinta da tulin littattafan da take yawo da su kamar jariri. Ta hau sama ne don ta yi kuka inda ba mai ji, jarrabawa ta matso, kanta ya ƙi ɗaukar komai. Ta tarar da tsohuwa na kaɗa igiya, budurwa na tsalle tana ihu.

"Ke mai gilashi, ajiye littafin nan ki shigo," in ji Gwaggo.

"Gwaggo, ba ni da lokaci, karatu..."

"Tun yaushe kike kallon shafin nan?"

Farfesa ta dubi shafin. Ta ajiye littafin.

Tsallenta abin kallo ne. Hannu ɗaya riƙe da gilashi, ɗaya na iyo a iska, ido a rufe, baki na karanto sunayen ƙasusuwan jikin mutum. Barkono ta ce mata kada ta damu, in ta karya ɗaya aƙalla ta san sunansa. Farfesa ta buɗe ido ta dube ta, sai ga su duka biyun a ƙasa.

Bayan tsalle sukan zauna a inuwar tanki su miƙe ƙafa, gorar ruwa na zagayawa. A nan ake zazzage buhu. Farfesa ta ce tsoro take ji kada ta ba iyayenta kunya. Barkono ta kwaikwayi muryoyin masu ƙorafi ɗaya bayan ɗaya har Gwaggo ta ƙware da shayi. Wata safiya ita ma Gwaggon ta ce, tana kallon wani wuri daban, tun da 'ya'yanta suka watse garuruwa, takan wuni ba ta yi magana da kowa ba sai rediyo.

"Shi ya sa kike yi wa mutane faɗa a matakala?" in ji Barkono.

"To da wa zan yi hira? Faɗa ma ai gaisuwa ce, in ba a samu wata ba."

A wurin aiki ma abin ya bi ta. Wani mutum ya kira ya yi mata wankin babban bargo a kan tukunyar da aka kai masa babu murfi. Da ta ajiye kiran sai ta cire abin kunne, ta ce za ta sha iska, ta fita bayan ofis inda ake ajiye kwalaye. Babu igiya, amma wa ya ce sai da igiya? Ta kama iska da hannu biyu ta fara. Tana cikin yi ta ji tari a bayanta. Shugabar sashensu ce, mace mai fuska kamar an aiko mata da sammaci.

"Me kike yi?"

"Tsallen igiya, ranki ya daɗe."

"Ina igiyar?"

"An kawo tsallen, igiyar tana hanya. Ki yi haƙuri da jinkirin da aka samu."

Shugabar ta yi ƙoƙari, Allah ya sani ta yi ƙoƙari. Leɓenta ya yi rawa, hancinta ya buɗe, sannan ta fashe da dariya har tana dafa kwali. Daga ranar aka ce duk wanda aka zazzage wa kwandon zagi yana iya fita ya sha iska kafin ya ɗauki kira na gaba.

Ba kullum ake kwana a gado ba. Akwai safiyar da Barkono ta farka ta ji nauyin nan ya dawo ya zauna mata a ƙirji, ba sallama, ba dalili. Ta ja bargo ta rufe kai. Can sai ta ji takun gwiwa mai ciwo, da wani taku mai sanɗa a bayansa. Ta shirya jin tsiya. Gwaggo ta zauna a bakin gado, ta yi shiru, abin da ba a taɓa gani ba. Farfesa ta zuge labule kaɗan.

"Yau ba zan iya ba," in ji Barkono daga cikin bargo.

"Wa ya tambaye ki?" in ji Gwaggo. "Mu hutawa muka zo yi. Igiya ma tana gaishe ki, ta ce ta gaji da ƙafafunki."

Mai ba da shawara ta riga ta gaya mata irin wannan ranar za ta zo, kuma zuwanta ba ya nufin an koma gidan jiya. Ta ce a irin ranar a zaɓi abu ɗaya mafi ƙanƙanta a yi. Barkono ta zaɓi wanke fuska. Da ta wanke, Anti ta miƙo shayi, ta sha rabi. Ranar iyakar abin da ta iya ke nan, kuma ba wanda ya ce bai isa ba. Bayan kwana biyu ta koma sama.

Yaya ne kaɗai aka hana hawa, don an san hali. Amma wata Lahadi da yamma, benen duka ya yi shanya, igiyoyi sun cika maƙil, sai ga shi ya ɓullo yana miƙa yana karya wuya.

"Ku matsa ku ga yadda ake yi. Ni nan da kuke gani, a makaranta..."

"Ɗan nan, siminti ne, ba katifa ba," in ji Gwaggo.

Farfesa ta karɓi ɗaya bakin igiyar. Anti ta samu wuri ta zauna, ta ce wannan ba a ba mutum labari. Yaya ya tsaya yana kaɗa kai yana bin igiya, ya yi gaba ya fasa, ya yi gaba ya fasa, kamar mai tsallaka babban titi.

"Yaya, ko in kira maka ɗan sanda ya tsayar da ita?" in ji Barkono.

Ya faɗa ciki da ƙarfin zuciya. Abin mamaki, ya tsallake. Ya sake tsallakewa, tumbi na zuwa bayan shi ya sauka. "Kun gani? Kun gani?" Barkono ta yi kururuwa ta faɗa ciki ita ma, wa da ƙanwa suna fuskantar juna suna tsalle suna ihu kamar yaran da aka tashi daga makaranta.

Ba wanda ya lura da hadari. Ɗigon farko ya sauka a gilashin Farfesa, na biyu a shayin Gwaggo, sai sama ta ɓalle gaba ɗaya.

"Shanya!" in ji Anti.

"Kada wanda ya tsaya!" in ji Gwaggo, tana ƙara wa igiya wuta.

Mutanen bene suka yi ta ɓullowa daga matakala da kwanduna da bokitai, kowa na warwason abin da hannunsa ya kai, iska na cilla riguna sama, zanen gado ya naɗe mai gyaran agogo yana ta lalube yana tambayar wa ya kashe wuta. A tsakiyar wannan hargitsi igiya na ta zagayawa tana feshin ruwa. Wata mata ta ajiye kwandonta ta shiga. Wani magidanci ya ce shi dai sau ɗaya kawai. Barkono ta ɗaga fuska sama, ruwa na shiga mata baki, tana dariyar da ba ta ma jin ƙararta saboda rugugin ruwa.

Washegari babu gidan da ya kwana da kayansa daidai. Anti ta buɗe kwando ta samu rigunan jarirai da hular wani tsoho. Yaya ya makara, ya zari baƙin wando daga kan kujera ya zura a gurguje ya fito. Barkono na saukowa daga sama, gumi na tsiyaya, suka yi kiciɓis a matakala. Wandon ya tsaya masa a tsakiyar ƙwauri, safa a waje, maɓalli na neman ceto.

"Kada ki ce komai," in ji Yaya.

"Ni? Me zan ce? Allah ya raya, Yaya. Girma kake ta yi."

Daga hawa na ƙasa wata murya ta taso, ta wani gajeren mutum da ke tambayar wa ya ga wandonsa, shi ga wani nan a hannunsa da zai iya kwana a ciki har da baƙo. Barkono ta zauna daɓas a kan matakala. Sai da Anti ta zo ta ɗaga ta, ta tura ta wanka, ta cusa mata burodi a jaka. Ta fita da gudu tana gyara ɗankwali, motar haya na shirin tashi, tana ɗaga hannu tana kiran direba ya tsaya, dariya na hana ta gudun kirki.